Tikiti Uku Zuwa Dhaka

Mu mutanen Gaya ba mu saba zuwa nesa a mota ɗaya ba. In za ka Kwatano, kabu-kabu zai tsallaka da kai gada zuwa Malanbil, ka shiga wata motar zuwa Faraku, can ka yi salla ka ci abinci, sannan ka nemi ta gaba. In ka tarar wadda ka nufa ta tashi, ɗan kamasho zai fizgi jakarka ya kai ka wata. Da wannan ilimin na girma, da shi kuma na sayi tikitin jirgi karon farko a rayuwata.

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, ne na samu gurbi a wata makarantar injiniyoyi a ƙasar Bangladash. Ci da kwana da karatu duk a kansu, amma kai ne za ka kawo kanka, kuma akwai ranar da in ta wuce ba ka iso ba, sai a ba wani gurbinka. Mahaifina, Malam Garba, direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, ya tsufa a kan hanyar Kwatano zuwa Yamai. Shi ya riƙe hannuna muka je siber, shagon intanet na abokina Murtala da ke bayan tasha. Da Murtala ya nuna mana kuɗin tikiti guda wanda zai kai ni har Dhaka, Baba ya cire hula ya shafa kai. Murtala ya ci gaba da danne-danne, can sai ya gyara zama.

"Baba, dubi nan. In aka yanka tafiyar gida uku, kowane yanki da kamfaninsa, kusan rabi ke zubewa. Kwatano zuwa Kasablanka, Kasablanka zuwa Istanbul, sannan Istanbul zuwa Dhaka."

Baba ya mayar da hularsa. "To ai haka ake tafiya. Wa ya taɓa zuwa nesa a mota ɗaya?"

Murtala bai cuce ni ba. Shi ma a lokacin bai taɓa ganin cikin jirgi ba.

Kwatano

Akwatina ya yi nauyi. Inna ta cika shi da busasshen kifi da yaji da gari, da kaftanai biyu sababbi, da bargon saƙa wanda na ce mata ba na bukata ta yi kamar ba ta ji ba. Baba kuma ya rubuta sunana a jikinsa da fentin mota, manyan baƙaƙe, ILLIYASU GARBA GAYA, kamar yadda ake rubutu a goshin kamyo.

Matar da ke gishe, wurin duba tikiti da karɓar kaya, ta jera takarduna uku a gabanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"Akwatinka a Kasablanka zai sauka. Mu iyakarmu ke nan. Ka gane?"

Na ce na gane. Ban gane komai ba, idona yana kan wutsiyar jirgin da nake hangowa ta gilashi.

Da asuba ya kamata mu tashi, sai hadari ya taso daga teku. Ruwan Kwatano ba irin namu ba ne da zai zuba ya ɗauke. Ya yi ta sauka har gari ya waye, har hantsi ya yi. Mutane suna ta duba agogo suna tsaki, ni kuwa ina zaune ina kallon ruwa yana gudu a kan kwalta, raina fes. A ganina in ma na makara, ai akwai na gaba.

Kasablanka

La'asar ta yi sanyi kafin in karɓi akwatina in ja shi zuwa gishen kamfani na biyu. Wani mutum mai gyararren gashin baki ya duba takardata, ya turo mini ita da yatsa ɗaya.

"Wannan jirgin ya tashi tun ɗazu."

"To, ku sa ni a na gaba."

"Ba mu muka makarar da kai ba, malam. Je ka wurin waɗanda suka kawo ka."

Na je. Su kuma suka ce, "Mun yi alkawarin kawo ka Kasablanka. Ga ka a Kasablanka." Na koma wurin mai gashin baki, ya sake nuna mini inda na fito. Na yi ta safa da marwa tsakanin gishe biyu, ina jan kifi da yaji a bayana, har na fahimci abin da matar Kwatano take nufi. Babu wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Tikitina uku ba su san juna ba. Na biyu ya mutu, na uku kuma yana jirana jibi a Istanbul, in ban iske shi ba shi ma ya mutu, makaranta ta bi bayansa.

Na zauna a kan akwatin. Na fito da salula, na mayar. Baba ya gaya wa duk tashar Gaya cewa ɗansa ya tafi karatun injin ban-ruwa, har masu shayi sun fara kirana injiniya. Da wane baki zan ce masa ina zaune a rabin hanya?

"Fofo. Mate fu?"

Na ɗaga kai da sauri. Gaisuwar Zabarmanci, a nan! Wani mutum ne siriri da jar hula, yana murmushi yana nuna rubutun akwatina. Ya ce sunansa Hama, ɗan Dosso ne, ya daɗe a Maroko. Ya juya harshe zuwa Hausa, ya tambaye ni ko har yanzu ana soya kifi a bakin kogi wajen masu kwalekwale, ko giginyun hanyar Yelu suna nan, ko ana sayar da muruci a ƙofar tasha. Hawaye suka cika mini ido. Kafin in ankara na zazzage masa komai.

"Haba ƙanena, don wannan kake ɓata rai? Kada ka sayi tikiti a nan, yanka ka za su yi. Ina da aboki a cikin gari."

Muka shiga jirgin ƙasa. Ya ɗaukar mini akwati a kafaɗa, ya hau da ni wani bene, aka kawo shayi mai na'ana'a. Ya shiga wani ɗaki, ya fito da takarda ɗauke da sunana da lambar jirgin gobe. Na juya baya na farke ɗinkin da Inna ta yi a ƙugun wandona, na ba shi guzurin da aka haɗa mini na zaman wata da watanni. Ya samar mini tabarma a ɗakin wasu 'yan Senegal, ya ce da safe zai zo ya raka ni. Bai zo ba. Na ce ko wani uzuri ne ya riƙe shi, na kama hanya ni kaɗai.

A gishe wata budurwa ta buga lambar, ta sake bugawa, sannan ta rage murya.

"Wannan riƙe maka wuri kawai aka yi, ba a biya ba. Ya ma riga ya faɗi."

Har yau in na tuna Hama, ba kuɗin ne ke fara zo mini ba. Abin da ke ci mini rai shi ne da gaske ya san kogin. Ya san wurin da ake soya kifin. Wataƙila shi ma wata rana a kan akwatinsa ya zauna a wannan filin, babu wanda ya zo.

Na ja kayana zuwa wani lungu kusa da wasu mata masu manyan jakunkuna. Ɗaya daga cikinsu, wata dattijuwa mai jiki da jan kallabi, tana ta faɗa a waya da Dendanci a kan mabuɗin shago. Na juya mata ƙeya. Na riga na rantse ba zan ƙara amsa harshen gida a ƙasar nan ba. Ta gama wayarta, sai kuma na ji ta da Hausa.

"Gaya? Kai, ɗan wa ne kai a Gaya?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Da kai nake, mai kumburin baki. Wane Garba?"

"Direba," na ce, ban juyo ba.

"Mai jan kamyo? Wanda ba ya tafiya ran Juma'a?"

Sai na juyo. Hajiya Zalika ce, 'yar Malanbil, mai sayar da labule da jallabiya. Ta tsaya sayayya a Kasablanka, za ta wuce Istanbul. Ta ce shekara da shekaru Baba ke ɗauko mata kaya daga Kwatano, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Na buɗe baki zan fara bayani, ta ɗaga hannu.

"Ci tukuna."

Ta buɗe wani kwano na dambu da ƙuli-ƙuli. Rabona da abinci tun shayin Hama. Na ci har ina shaƙewa, ita kuma tana kallon wani wuri don kada in ji kunya. Da na gama na ba ta labari. Ba ta ce kash ba, ba ta ce me ya sa ba. Ta dai ce, "Kawo lambar babanka."

"Hajiya, don Allah kada ki kira shi."

"Ɗana, in nawa ne a nan zaune, Garba ya gan shi ya ɓoye mini, ba zan yafe masa ba."

Ta kira, ta faɗi 'yan kalmomi, ta miƙo mini. Ina jin ƙugin injin a bayansa, da muryar masu tallar ruwa. Yana layin duwan, wato kwastan.

"Illa."

"Na'am, Baba."

"Jikinka lafiya?"

"Lafiya lau."

"Fasfo yana hannunka?"

"Yana nan."

"To me ya ɓace?"

Na fashe da kuka. Ya bari na yi kukana kaɗan, sannan ya ce, "Aksil ya taɓa karye mini a dajin Kandi da kayan mutane a baya, ga damina. Ka taɓa jin na juyo gida? Ba ni Hajiya."

Suka yi magana da Dendanci. Shirin mai sauƙi ne, irin na 'yan kasuwa: shi zai tsallaka gada ya damƙa kuɗi a hannun ɗanta a shagon Malanbil, ita kuma ta biya mini tikitin jirgin da za ta shiga a nan. Kafin ya kashe ya sa ta sake ba ni wayar. "Kada innarka ta ji wannan. Hawan jininta." Sai bayan rasuwar Baba Murtala ya gaya mini cewa sababbin tayoyin da ya saya don damina ya kwance ya sayar a ranar, ya ƙarasa shekarar a kan tsofaffi. Shi kansa bai taɓa ɗaga maganar ba.

Istanbul

A cikin jirgi Hajiya ta yi barcinta har da minshari, ni kuwa na kasa runtsawa. Da muka sauka hanya ta rabu biyu, ɗaya ta masu shiga gari, ɗaya ta masu wucewa. Akwatina yana ƙasa, bayan 'yan sanda, ni kuma ba ni da bizar shiga ƙasar. Na nuna wa ɗan sandan tikitina na uku, na yi masa nuni da hannu cewa ɗauko kaya kawai zan yi in dawo. Ya saurare ni har na gama, ya girgiza kai. A gishen masu wucewa suka ce za su ba ni katin shiga jirgi, amma akwati sai mai shi ya kawo shi da kansa ta ƙofar waje.

Muka tsaya ni da Hajiya a bakin layin, mutane suna ture mu ta ko'ina.

"Takardun makaranta suna ina?"

"Suna cikin 'yar jakata."

"To sauran duk kaya ne. Kawo takardar akwatin, zan kai shi gida."

Na ba ta. Ta buɗe jakarta ta zaro wata rigar sanyi da ta saya wa ɗanta, ta ɗora mini a kafaɗa, ta ƙulle sauran ƙuli-ƙulin a leda ta cusa mini, da 'yan kuɗin shan ruwa. Ta kama kaina da hannu biyu ta yi addu'a ta tofa.

"In ka isa, ka kira babanka kafin ka nemi ruwan wanka."

Ta shiga layi. Na bi jan kallabinta da ido har ya ɓace a cikin kawunan mutane.

Wunin da na yi a wurin nan shi ne mafi tsawo a tafiyar. Ga fitilu, ga shagunan turare, ga mutane iri-iri suna wucewa da sauri, ba wanda ya san sunan garinmu. Na sami kujera kusa da taga na zauna. Duk lokacin da na duba agogo sai in lissafa abin da ake yi a gida. Yanzu kamyoyi sun yi layi tun daga duwan har bayan kasuwa, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. Yanzu mata sun sauka wanki, yara suna tsalle daga kwalekwale. Yanzu ƙanwata Rabi ta dawo daga lakwal, makarantar boko, tana neman abin da aka rage mata a tukunya. Ina cin ƙuli-ƙulin ɗaya-ɗaya, ina tsotsa kafin in tauna don ya daɗe.

A masallacin filin jirgin na haɗu da Jalil. Bayan azahar ne, ina ɗaure takalmi, katina ya faɗi. Wani gajeren mutum mai faso a hannuwa ya ɗauka, ya karanta, ya bugi ƙirjinsa.

"Dhaka! Ana Dhaka!"

Magini ne, ya yi shekaru yana aiki a Libiya, yanzu zai koma gida. Larabcinsa na wurin gini ne, nawa na makarantar allo, amma muka haɗa su suka ishe mu. Ya fito da wata irin shinkafa da aka daka ta yi fale-fale, ya jiƙa ta da ruwa a kofi, ya gutsura mazarƙwaila a kai, ya raba biyu. Sannan ya nuna mini wata 'yar tsana a cikin leda. Matarsa tana da ciki ya tafi, bai taɓa ɗaukar 'yarsa ba, a waya kawai yake ganinta. Ya yi mini nuni da yatsu biyu suna gudu, ya nuna kansa, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Tsoronsa ke nan, kada ta gan shi ta gudu.

Dhaka

Da jirgi ya fara sauka na leƙa, sai na ga ruwa da kore, ruwa da kore, har iyakar gani. Kamar an ɗauki fadamun shinkafarmu na bakin kogi lokacin da ruwa ya cika, an shimfiɗa su a ƙasa guda.

A wurin karɓar kaya kowa ya yi ta jan kwalaye, ni ina tsaye hannu rabbana. Jalil ya dube ni, ya dubi bayana, ya tambaya da ido. Na ce, "Istanbul." Bai ƙara tambaya ba. Ya tsuguna a tsakiyar mutane ya kwance igiyar kwalinsa, ya zaro riga ɗaya da wani yadi mai ratsin shuɗi wanda aka ɗinke bakinsa. Ya nuna mini yadda ake shiga ciki a murɗe a ciki a soke. Zani ne, ba wani abu ba. Na karɓa don kada in ɓata masa rai.

A waje danginsa sun cika wuri. Matarsa ta turo yarinyar gaba, yarinyar ta noƙe ta ƙi zuwa. Jalil ya durƙusa yana miƙa 'yar tsana, ta ƙi ko kallonsa. Sai idonta ya faɗa kaina. Ina jin ba ta taɓa ganin mutum mai tsawona da baƙina ba. Ta ƙwalla ƙara, ta ruga ta ƙanƙame wuyan wanda ya fi kusa da ita, wato ubanta. Jalil ya miƙe da ita a ƙirji, yana dariya hawaye na zuba, yana ce mini, "Shukran, shukran!" Motar makaranta ta zo ta ɗauke ni, ban sake ganinsa ba.

Na kira Baba kafin in nemi ruwan wanka. Ya ce, "Madalla," ya kira Inna muka gaisa, ta tambaye ni ko kifin bai farfashe ba, na ce bai farfashe ba. Na yi rajista ana saura ƙiris a rufe. Kayan jikina kuwa su ke nan, in wanke da yamma in sa da safe. Tsakanin wanki da bushewa dole na koma ga kyautar Jalil, na kuma tarar duk mazan ƙasar, har malamanmu in sun koma gida, abin da suke ɗaurawa ke nan.

Bayan 'yan makonni Hajiya ta gama sayayyarta ta koma Malanbil. Ta cika alkawari, ta ɗora akwatin a kabu-kabu ta ce a kai gidan Garba direba. Baba yana hanya. Sauran labarin Rabi ce ta ba ni. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa da hantsi, sai ga mai babur ya yi sallama ya dire akwatin a gabanta, ya ce daga ƙetare aka ce ya kawo, ya juya. Ga sunana da fenti, ga ƙullin igiyar da ta yi da hannunta ba a kwance ba. A wurinmu in kayan matafiyi suka dawo ba tare da shi ba, magana ɗaya ce. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye faifan, ta zauna a ƙasa ta dafa akwatin. Maƙwabciya ta leƙo ta gani ta sa salati, kafin a jima gida ya cika da mata, har an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Rabi ce ta ruga siber ba takalmi, ta jawo Murtala da wayarsa.

Ni a lokacin la'asar ce, na dawo daga aji na yi wanki, ina shanya a baranda.

"Inna, ni ne. Illa ne."

Ina jin numfashinta, ina jin koke-koke a bayanta.

"In kai ne, wa ya yi maka kaciya?"

"Wanzami Na-Allah, Inna. Na cije shi a hannu."

Sai a lokacin kukan ya zo mata. Na gaya mata komai, tun daga ruwan Kwatano har jan kallabin Hajiya. Ta ce ni da ubana mun haɗa baki, zai dawo ya same ta. Ta yi ta faɗa tana jan hanci, can sai ta tsaya cak.

"Tsaya. Kaftananka duk ga su nan. Wandunanka ga su nan. To me kake sawa a ƙasar mutane?"

Na dubi jikina.

"Zani, Inna."

"Me?"

"Zani. Duk mazan nan shi suke ɗaurawa."

Na ji ta janye wayar daga kunne, ta ɗaga murya wadda har yanzu kuka bai sake ta ba: "Jama'a, yana da rai! Ya ce zani yake ɗaurawa!"

Gidan da ya taru don makoki ya kece da dariya. Ina jin ta Rabi a sama da ta kowa, ina jin wata tsohuwa tana tambaya ko har da ɗankwali, ina jin Inna tana dariya tana tari tana cewa a ba ta ruwa. Suna cikin haka kuɗin wayar Murtala suka ƙare. Na daɗe tsaye a barandar nan da waya a kunne, hannu ɗaya riƙe da bakin zani, ruwan wankina yana ɗiga a kan ƙafata.